Daga Zaure Zuwa Ƙungiyar Agaji: Tarihin Taimakon Marasa Matsuguni a Ƙasar Hausa

Taimakon wanda ba shi da wurin kwana daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma ta girmi duk wata hukuma ko ƙungiya da ke wannan aiki a yau. Shekaru aru-aru ba a san wani gida na musamman da ake tara marasa galihu a cikinsa ba. Nauyin a rarrabe yake a kan magidanta da matan aure da masu unguwanni da malaman allo da masu saukar da fatake, kowa da nasa kason, kuma mafi yawansu ba don lada ta duniya suke yi ba. Tarihin wannan al'ada shi ne tarihin yadda nauyin ya riƙa tashi a hankali daga ƙofar gida yana komawa hannun hukumomi da ƙungiyoyi.

Tushen al'adar

Tushe na farko shi ne zumunci da tsarin gandu. A ƙauyen Hausa na da, uba da 'ya'yansa maza da matansu gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ci. Macen da aurenta ya mutu gidan ubanta ko na wanta take komawa. Maraya yana shiga riƙon baffa ko kawu ko goggo. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare yana da ɗakinsa da kwanonsa har ya bar duniya. Idan gobara ta ci ɗaki, ko ruwan sama ya kayar da shi, sai a kira gayya: samarin gari su kwaɓa ƙasa, su yi tubali, su ɗaure jinka su ɗora, mai ɗaki kuwa abinci da fura kawai yake fitarwa, in ma yana da hali. Saboda haka wanda ya rasa wurin kwana a wancan zamani galibi wanda ya rabu da danginsa ne: matafiyi, da almajiri, da wanda yunwa ko yaƙi ya koro, da mai cutar da jama'a ke gudu.

Tushe na biyu shi ne Musulunci. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso birnin da addini a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), sannan addinin ya ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda Shehu Magili ya rubuta wa nasiha kan sha'anin mulki. Musulunci ya mayar da kyautata wa baƙo hakki. Cikin rukuni takwas na masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba akwai fakirai da miskinai da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Hadisi ya yanka wa baƙo liyafar kwana uku. Malamai kuma sun riƙa kafa misali da mutanen Madina da suka raba gidajensu da masu hijira daga Makka, da kuma Ahlus Suffa, matalautan sahabban da ke kwana a wata rumfa ta masallacin Annabi (SAW) jama'a na ciyar da su. Daga irin wannan karantarwa ce Bahaushe ya samu maganar nan da yake cewa baƙonka annabinka.

Zaure da kwanon baƙo

Fasalin gidan Bahaushe kansa ya tanadi wurin baƙo. Zaure shi ne ɗakin farko da ake tararwa daga waje, kuma yana tsakanin titi da cikin gida inda mata suke. A nan maigida yake hira da cin abinci da abokansa, a nan malami yake ba da karatu, a nan kuma ake shimfiɗa wa matafiyi tabarma. Gidajen masu hali kan ƙara da shigifa ko ɗakin baƙi a ƙofar gida.

Baƙon da dare ya riska a garin da bai san kowa ba yakan nufi masallaci. Bayan sallar magariba ko isha'i sai a lura da baƙuwar fuska, a gaisa, a tambaye shi daga ina, zuwa ina. Daga nan ko dai wani magidanci ya ja shi gidansa, ko a haɗa shi da yaro ya raka shi wurin mai unguwa ko dagaci. Ruwa ake fara kawo masa, sannan buta, sannan tuwo a akushi. Matan gida sukan tuƙa tuwon dare da ɗan rara don irin wannan, kuma al'adar ciyayya, inda maƙwabta ke fito da kwanukansu ƙofar gida su ci tare, ta sa ba a rasa inda baƙo zai sa hannu. Randar ruwa da moɗa da ake ajiyewa a ƙofar gida ko a gindin bishiya don masu wucewa ita ma daga wannan ɗabi'a take.

Mai unguwa yana da matsayi na musamman a tsarin. Gidansa ake kai yaron da ya ɓata har a yi cigiyar iyayensa, da tsohuwar da ta manta hanya, da baƙon da ke neman zama. Shi ke tantance mutum, ya nema masa masauki, wani lokaci har ya kai shi gaban dagaci a yanka masa fili da gona. Ta haka taimako da tsaro suke tafiya tare: duk wanda aka saukar an san wanda ya saukar da shi, kuma mai masaukin ne zai amsa tambaya idan wani abu ya taso.

Zango da fatake

Fatauci ya faɗaɗa al'adar har ta fita ƙasar Hausa. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, suna yada zango a bayan garuruwa. A manyan birane kuwa fatoma ne ke karɓarsu: ya ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu a kan bashi. Fatoma yana samun la'ada, saboda haka aikinsa sana'a ce, amma gidansa ya zama mafaka ga waɗanda ba su da abin biya, kamar 'yan dako da almajirai da falken da ya karye.

Sunayen unguwannin Kano sun adana wannan tarihi: Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, sai Fagge a wajen ganuwa inda ayarin raƙuma ke sauka. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma ce a watannin rani adadin kan kai 60,000 saboda baƙi. Rabin mutanen da ke kwana a birnin a irin wannan lokaci ke nan a gidajen wasu suke kwana.

Inda duk Hausawa suka yi zama a ƙetare sun tafi da tsarin. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwarta sun watsu zuwa zangunan Kumasi da Ankara da sauran garuruwan ƙasar da ake kira Ghana a yau, kuma sarkin zango ne ke karɓar sabon zuwa. A Ibadan an kafa unguwar Sabo a 1916, inda masu gidaje ke saukar da fataken shanu da na goro tare da ciyar da tarin mutanen da ba su da kowa. A hanyar hajjin ƙasa kuma, ta Chadi da Darfur, ƙauyukan Hausawa da Fulani sun zama masaukin alhazai, waɗanda wasunsu kan shekara suna aikin gona kafin su tara guzurin ci gaba. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, wanda masu hijira suka kafa bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi a 1903, yana daga cikin sanannun irin waɗannan wurare.

Almajiri da uwar ɗaki

Babu inda aikin sa kai na gama-gari ya fi fitowa fili kamar a sha'anin almajirci. Malami kan tashi da yaransa bayan an gama girbi su tafi ci-rani wani gari, ko su nausa gabas ƙasar Barno neman tilawa. Garin da suka sauka shi ke ɗaukar nauyinsu: wani ya ba da zaure, wani ya ba da filin da za a kafa bukkoki, manoma su kawo zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma. Da damina yaran su koma gonar malam.

Abincin yau da kullum kuwa daga hannun mata yake fitowa. Ƙolo yakan tsaya a bakin zaure da ƙoƙonsa ya yi bara, ko ɗan ƙanzo ne a ba shi. Idan ya saba da wani gida, sai matar gidan ta zama uwar ɗakinsa. Da yake kulle ya hana ta fita, shi ke ɗebo mata ruwa, ya kai niƙa, ya yi cefane, ya zubar da shara. Ita kuma ta ware masa kwanonsa safe da dare, ta ba shi sabulu ranar Alhamis da babu karatu ya wanke tufafinsa, ta nema masa magani idan ya kwanta ciwo, ta ɗinka masa kayan salla. Sau da yawa zumuncin kan zarce zamanin karatu, har uwar ɗaki ta tsaya wa yaron a aurensa. Ga kuma sadakar Juma'a ta gumba da waina da tsaba, da zakkar fid-da-kai da ake fitarwa a ƙarshen azumi, da naman layya.

Zamanin Daular Usmaniyya

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da hijira ya fara, lokacin da jama'arsa suka bar Degel zuwa Gudu a 1804, don haka shugabannin daular sun ɗanɗani rashin matsuguni da kansu. A rubuce-rubucen Shehu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello an ɗora wa shugaba nauyin karɓar zakka da raba ta ga masu hakki, da ware wa matalauta da marayu da matafiya kaso daga baitulmali. Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata da ake kira jaji ke jagorantar matan karkara zuwa neman ilimi, kuma karantarwar tata ta ƙarfafa kula da marasa lafiya da mabukata.

A biranen masarautu masu naƙasa suna da nasu tsarin shugabanci. Akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda sarki ke naɗawa, kuma akwai unguwanninsu, kamar Unguwar Makafi da ke kusa da Dala a Kano. Makahon da ya shigo birni wurin Sarkin Makafi yake sauka, a ba shi makwanci, a nuna masa inda zai riƙa zama, a sasanta shi da 'yan'uwansa idan rigima ta tashi.

Tsarin yana da iyaka. Zamani ne na bauta, kuma hare-haren kamen bayi sun raba mutane masu yawa da garuruwansu. Kuturu yana samun sadaka amma ana ƙyamar haɗa kwano da shi. Mai taɓin hankali ko dai a sa masa mari a gida ko wurin mai magani, ko ya ƙare a kasuwa. Macen da ta gudo daga auren dole ba ta da zauren da za ta kwana, don zaure na maza ne, shi ya sa da yawa suka ƙare a gidan magajiya. Alherin ya fi isa ga wanda al'umma ta yarda da dalilin fitowarsa.

Mulkin mallaka da shekarun yunwa

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A shekarun da suka biyo baya aka haɗe zakkar hatsi da sauran kuɗaɗen da talakawa ke biya cikin haraji guda na tsabar kuɗi, aka mayar da baitulmali taskar En'e, sarakuna da hakimai suka koma karɓar albashi. Hatsin da a da ke taruwa a rumbunan masu sarauta, wanda ake buɗewa idan shekara ta ɓaci, ya ragu ƙwarai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyada ya bunƙasa, kuma biyan haraji da kuɗi ya ƙara yawan masu fita ci-rani.

An ga tasirin haka a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, lokacin da jama'a suka yi ta kwararowa daga arewa, har daga yankunan da Faransa ke mulka, zuwa Kano da Katsina, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu a hanya. Yunwar 1927 da ake kira 'Yar Buhu ta biyo baya, sannan farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka koro Buzaye da Fulani da manoman Nijar zuwa biranen kudu. Kowane karo ya nuna abu guda: taimakon gida-gida yana aiki ne idan wasu sun rasa wasu na da shi, amma idan rumbun kowa ya ƙare a lokaci ɗaya sai ya gaza.

A zamanin mulkin mallaka ne aka fara ganin gidan da aka gina musamman don marasa galihu. Gwamnatin mallaka ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, inda ake ajiye yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu. Daga ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Sabon salo ne ga Bahaushe: mabukaci a keɓe a bayan gari, ma'aikaci mai albashi na kula da shi, sunansa a rubuce cikin littafi.

Zuwan ƙungiyoyi da hukumomi

Bayan samun 'yancin kai aikin sa kai ya ɗauki siffar ƙungiya. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, aka kafa Fityanul Islam a Kano a 1963, sai Izala a Jos a 1978. Kowace ta samar da rundunar 'yan agaji masu kaki, matasa da magidanta waɗanda ke da sana'o'insu amma suke ba da lokacinsu kyauta. Ban da tsara sahu a masallacin Juma'a da filin idi da hidimar alhazai, su ne ke ɗaukar marar lafiyar da aka tsinta a titi zuwa asibiti, su kwana da majinyacin da ba shi da ɗan jinya, su yi wa gawar da ba a san danginta ba sutura. Mata ma sun kafa tasu, FOMWAN, a Minna a 1985, wadda ta shiga harkar makarantu da asibitoci da kula da marayu. A Nijar da Najeriya duka akwai kuma ƙungiyar Red Cross da ƙungiyoyin coci-coci masu irin wannan hidima.

Birnin da ake yi wa hidimar kuwa ya sauya. Kano da ke da mutum kimanin 130,000 a ƙidayar 1952 ta haura miliyan biyu a ƙidayar 2006. Gidan haya da gida mai get sun maye gurbin gida mai zaure, zaurukan da suka rage da yawa an fasa su an yi shaguna. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, ya sa aka fara yi wa gardi baƙo kallon tuhuma, matsin tattalin arzikin shekarun 1980 kuma ya rage abin da ke saura a tukunya. Masallatai da yawa aka koma kulle su bayan isha'i saboda tsaro. Masu kwana a tasha da rumfunan kasuwa da kangaye da ƙarƙashin gada suka yawaita, almajirai kuma suka fi ƙarfin gidajen da ke iya riƙe su.

Gwamnatoci sun shigo ta hanyoyi biyu. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi da dama sun kafa hukumomin zakka da waƙafi. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi da Hukumar Hisba a 2003. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara buɗe makarantun almajirai na zamani, na farko a Gagi da ke Sakkwato, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ɗaya hanyar ita ce ta hani: Kano ta yi dokar hana bara a titi a 2013, a 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnonin arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali.

'Yan gudun hijira

Jarrabawa mafi girma da al'adar ta fuskanta a wannan ƙarni ita ce ta rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu a yankin Tafkin Chadi. An buɗe sansanoni a Maiduguri da Yola da sauran wurare, amma mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba. Gidajen dangi da na abokan kasuwanci da na mutanen da ba su taɓa sani ba ne suka karɓe su, magidanci mai ɗaki uku ya bar wa baƙi ɗaya, mai fili ya bari a kafa bukkoki a cikinsa. Haka mutanen Diffa a Nijar suka yi wa waɗanda suka tsallako kogin Komadugu. A 2019 ma, da 'yan bindiga suka koro dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƙauyukan jihar Maraɗi ne suka fara saukar da su kafin hukumomin agaji su iso. A Maiduguri lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu kyauta a 2007, wadda daga baya ta haɗa 'ya'yan ɓangarorin rikicin biyu a aji ɗaya, aikin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, matasan unguwanni da masu kwalekwale da mata masu dafa abinci a manyan tukwane suna cikin waɗanda suka fara kai ɗauki.

A yau tsoffin hanyoyi da sababbi suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Kwamitocin masallatai na tara kuɗin marayu, ƙungiyoyin unguwanni na raba kunu da ƙosai a watan azumi da barguna a lokacin hunturu, matasa na buɗe gidauniya a Facebook da WhatsApp don biya wa wani kuɗin haya ko na asibiti, gidajen rediyo na karanta cigiya da neman taimako. Ƙungiya tana iya tara abin da gida ɗaya ba zai iya ba, tana kuma isa ga mata da masu taɓin hankali da tsohon tsari ya bari a baya. Sai dai mafi yawan hidimarta ta ciyarwa ce da tufatarwa ta ɗan lokaci, alhali tsohon tsari makwanci yake bayarwa tare da mai masaukin da ya san mutum ya kuma tsaya masa. Wuraren kwana na dindindin ga marasa gida ba su da yawa a biranen Hausa, waƙafin gidaje bai yaɗu ba, kuma nauyin saukar da wanda ya rasa matsuguni har yanzu ya fi faɗawa a kan magidanta da mata masu ƙaramin ƙarfi.